Ƙwan Zabo a Hular Nasiruddeen

Sallama gare ku, masu bibiyata. Tun da na rubuta cewa kishi ya hana ni cin abinci kwana uku, saƙonninku ke shigowa, kowa na son jin wace yarinya ce. Wata baiwar Allah har addu'ar raba tsakani ta turo min, Allah ya saka mata. Babu yarinya. Mutumin da nake kishi da shi, shi ne wanda danginsa za su zo a sa mana rana ranar Juma'a.

Sunana Sadiƙa, 'yar Yari Mai Dabo ta Sabon Birni. In kun taɓa tsayawa a kasuwar Isa ko ta Tsamaye kuka ga wani dogon tsoho mai zanen Gobirci ya tara jama'a, yana ciro ƙwan zabo daga hular da kowa ya leƙa ya ga babu komai, to ubana kuka gani. Shekara arba'in yana wannan wasa, har Maraɗi an san shi. Ba ya kiran aljani, ba ya sayar da laya. In ya gama yakan ɗaga hannuwansa ya ce, "Jama'a, wasa na, ba tsahi ba na. Hannu yaɗ ɗara ido sauri, shi ke nan."

Sana'ar gidanmu tana da doka biyu, wai tun daga kakan Baba. Ta farko, ba a fara koyar da kowa da baki. Mai son koyo zai ɗauki burgamin Baba, jakar fatar da kayan wasa ke ciki, ya bi shi kasuwa-kasuwa yana kallo. Ranar da ya iya nuna inda ƙwan yake tun kafin a ciro shi, ranar ya kama hannu, kuma dole a buɗe masa komai. Mutum bakwai suka gwada. Ɗaya ya shekara huɗu yana ɗaukar jaka, daga ƙarshe ya koma gonar gero da idonsa kamar yadda ya zo da shi.

Doka ta biyu, matan gida ke ɗinka hular, kuma mai ɗinki ba ta wasa. Innata Tasalla ce ke ɗinkawa har idonta ya gaza zura zare, ni kuma na karɓa ina da shekara goma sha uku. Za ni gaya muku iya abin da mai hankali zai iya zata da kansa: akwai aljihu a cikin shafin hular. Inda bakinsa yake, da yadda ake juya shi a gaban mutum ɗari, wannan ku yi ta leƙe.

Abin da Baba bai taɓa tsayawa ya yi tunani a kai ba shi ne, wadda ta ɗinka aljihu za ta so ta san amfaninsa. Ina shekara sha huɗu na fara gwadawa da lemun tsami a gaban madubin Inna. Ina sha biyar na iya juya hular har ni kaina ina rasa lemun a madubi. A shekarar na yi ƙarfin hali na ce ya koya min sauran. Ya yi dariya har ya share ido da bakin riga.

"Ɗiya mace cikin hwage? Wa za ya ɗauke ki, Sadiƙa? Tahi ki duba tukunya."

Na tafi na duba tukunya. Shekara bakwai ina duba ta.

Mu biyu kaɗai Allah ya bar masa, ni da yayata Adda da ke aure a Kurawa. Bara hannunsa ya fara rawa. Da farko shayi ne ke zuba a gaban riga, daga baya ya daina wasan allura gaba ɗaya. Burgamin nan ya rataye a ƙusa a zaure, kowa a gidan ya san tambayar da ke rataye tare da shi, ba mai furtawa.

Ana haka Nasiruddeen ya fara zuwa zance.

Kada ku zaci mugu za ni kwatanta muku. Dogo ne, wankan tarwaɗa, yana ɗaukar atamfa da sabulu da turare a babur tsakanin nan da Nijar. In ya zo bayan la'asar cikin shaddarsa ruwan toka, ƙamshinsa kan riga shi shiga zaure ya zauna. Yana da baki. Yana ɗaukar 'yan bidiyoyin barkwanci a tasha, mutum dubu goma sha ɗaya ke bin sa. Shi ne namiji na farko da ya tambaye ni me nake karantawa, ya kuma jira amsa. Ina son sa. Ku riƙe wannan, don nan gaba za ku yi shakka.

Wata huɗu da suka wuce ya tsaya kallon Baba a kasuwa. Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Babanki ba mutum ba na. Na kalli hulag ga har idona yay yi ja."

Na rubuta, "Ni fa ka ɗumka ta."

"Ɗumki daban, sani daban, gimbiya."

Da ya ce ƙarya nake, da na yi dariya na bar shi. Wannan "daban" ɗin ne ya sosa min inda ke ƙaiƙayi tun ina sha biyar. Na shiga ɗaki, na tura ƙofa, na danna na yi masa saƙon murya na daƙiƙa arba'in. Na gaya masa inda ƙwan yake kwanciya a lokacin da Baba ke buga hular a gwiwa. So nake ya ce, ashe haka kike. Ya kuwa ce. Ya turo min zuciya ja guda uku.

Kasuwa ta gaba, Baba na tsakiyar wasa, Nasiruddeen ya ratsa mutane ya riƙe wuyan hannunsa, ya ɗora yatsa daidai wurin ya ce, "Ga shi nan, Baba."

Tare suka dawo gida, Baba a bayan babur, burgami a kafaɗar Nasiruddeen. Tun daga ƙofa Baba yake kira.

"Tasalla, hito ki gani. Allah ya ba ni ɗa da tsuhwana. Shekara arba'in, yau anka kama hannuna."

Ya sa aka yanka jan zakaran da Inna ke tanadi. Ni na fige shi, ni na soya, ni na kai zaure a kwano mai murfi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo.

Da Baba ya tashi alwala na tsaya a bakin labule.

"Mi yas sa ba ka hwaɗa mai ba?"

"In hwaɗa mai mi? So ki kai shi kore mu duka biyu?" Ya yagi cinya ya miƙo min. "Dut gida guda na, Sadiƙa. Abin da nis samu ai naki na."

Na lura wannan magana ba ta fitowa sai daga bakin wanda abin ke hannunsa.

Daga ranar zance ya ragu, darasi ya ƙaru. Kullum bayan la'asar su biyu a zaure, an saki asabari. In na kai fura Baba zai ce, "Aje nan ki koma." Sai in koma bayan bango kan keken ɗinkina, in daina taka shi, in saurara. Akwai ƙwan katako da ake koyo da shi. Ina jin faɗuwarsa a daɓe, ƙwas, ya gangara, Baba ya ce, "Ba komi, ɗana, sake." Wata rana sau goma sha tara ya faɗi. Ni da ban taɓa yar da lemu ba tun ina sha huɗu, ina zaune ina yi wa matar maƙwabci kalmasar zane.

Inna ta gane fuskata, amma ta karanta ta a juye.

"Hushi ki kai don ba ya samun lokacinki? Ke dai ki gode Allah. Miji da gadon ubanki sun zo miki cikin buhu guda. Ni da aka kawo ni gidan ga ban san komi ba sai allura."

"Ni ma ita nis sani, Inna."

"To mi ki ka nema kuma?"

Na koma kan kekena. A gidanmu ana iya gafarta wa yarinya ta yi kishin wata mace. Ta yi kishin saurayinta a kan ubanta, wannan ko suna ba shi da shi.

Da Adda ta haihu, Baba ya yanke cewa ranar suna a Kurawa Nasiruddeen zai fara shiga fage. Mai shiga fage kuwa da sabuwar hula yake shiga, wadda aka auna da hannunsa. Ba a gwada ta a gida. Mai ɗinki ce ke sa ƙwan farko, ta naɗe, ta miƙa da safen ranar. Baba ya ce haka ubansa ya yi masa: hula da mai ita a gaban mutane suke fara gaisawa.

Aka kira ni awo. Nasiruddeen ya shimfiɗa hannunsa a kan kwali, na zagaye shi da biro. Yatsunsa kauri gare su, duk sun yi kanta saboda ɗaurin kaya da roba.

"A hankali, tela, cakulkuli ni ka ji," ya ce ƙasa-ƙasa.

Baba ya leƙo kwalin. "Bakin aljihu yatsunai huɗu, ki ƙara rabi. Hannunai bai yi laushi ba tukuna, ki ba shi hili."

"To, Baba."

Kwana uku na yi a kanta. Haɓar kada ce ta baƙin saƙi, shafinta farin alawayyo, na bi gefenta da jan zare siriri. Ban taɓa ɗinka mai kyanta ba, har Inna ta shafa ta ce ta fi nata. Da na zo bakin aljihu, kwalin awon yana gefena a kan tabarma. Na dube shi. Na ɗora yatsuna uku a kan ƙyallen, na yi alama, na ɗinke, na maimaita ɗinkin sau biyu.

Ba za ni ce muku shaiɗan ba ne. Shaiɗan bai iya riƙe allura ba.

Da ƙwan zabo ake wasan saboda ƙarami ne kuma ɓawonsa tauri gare shi. Na lallaba shi ya shige da ƙyar. Na san zai fita, amma sai da siraran yatsun da za su buɗa masa hanya daga ciki.

Ranar suna da hantsi muka isa Kurawa. Na sa atamfata kore mai zanen ganye, gyale ruwan madara, lallen da aka yi min a jajibere ya kama har wuyan hannu. Nasiruddeen ya sha farar shadda sabuwa. A ƙofar gidan su Adda na miƙa masa hular a naɗe cikin hankici.

"Ki yi mani addu'a," ya ce. Hannunsa da sanyi. Saura kaɗan in ce ya ba ni ita in gyara wani zare. Sai Baba ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Taho, magajina," suka wuce. Na bar zaren yadda yake.

Bayan an ci tuwo aka yi da'ira a gindin bishiyar dogon yaro. Maza a tsaye, tsofaffi a tabarma, mu mata mun cika zaure, wasu sun leƙo ta kan katanga. Baba na kan kujerar roba, ya cusa hannuwansa cikin riga don kada a ga rawarsu. Wani abokin Nasiruddeen ya ɗaga waya yana ɗauka.

Gaskiya Nasiruddeen ya iya buɗe fage. Ya tsokani mahauta, ya tsokani angon ƙarni, mutane suka saki jiki. Ya ɗaga hular, ya juya cikinta waje, ya maido, ya buga ta a gwiwa sau uku. Duk ya yi daidai, har na ji haushin daidai ɗin. Sannan ya ce, "Bismillahi, zabuwar Gobir, a taimaka," ya zura hannu.

Hannun ya daɗe a ciki.

Ya yi murmushi ya fito da shi, ya hura hular, ya sake zurawa. Daga inda nake ina ganin ƙyallen na motsi, yatsu na neman ƙofar da ba ta ɗauke su. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

Wani tsoho mai carbi a tabarma ya ce, "Zabuwar ba ta tashi kwana ba?"

Aka yi dariya.

"A watsa mata gero mana," in ji wani daga baya.

"Yari, ko mu tahi mu dawo baɗi da damina?"

Za ni gaya muku gaskiya tunda don ita nake rubutun nan: na ji daɗi. Wani sanyi ya sauka min tun daga maƙogwaro har ciki, irin na ruwan randa. Wata huɗu na ƙwas, ƙwas a bayan bango, ga shi yau kowa na ji tare da ni.

Daɗin bai kai tsawon shan ruwan ba. Na juya na ga Baba. Hannuwansa sun fito daga riga, sun kama hannun kujera suna kaɗawa, yana ƙoƙarin tashi ya karɓi wasan, kuma shi da ni mun san ba zai iya ba. Ba Nasiruddeen ake yi wa dariya ba. Sunan Yari ake kira. Shekara arba'in ba a taɓa ce masa a dawo baɗi ba, sai yau, a ƙofar gidan surukansa, da allurata.

Ya daina ƙoƙarin tashi. Ya kalli hular, ya daɗe. Sannan ya juyo ya dubi zaure, cikin mata sama da talatin, idonsa bai yi yawo ba.

"Jama'a," ya ce da tsohuwar muryarsa ta kasuwa, "hulag ga hushi ta kai da maza. A miƙa ta cikin gida, mata su ba ta haƙuri."

Aka yi ta miƙo ta hannu da hannu ana dariya. Adda na gefena da jariri a kafaɗa. Ta matso kunnena.

"Sadiƙa, mi kiy yi?"

"Riƙe mani gyale kar shi zame."

Ban shiga da'irar ba. A dokin ƙofar zaure na tsaya, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Ban iya surutun fage ba, don haka ban ce komai ba. Na juya hular, na nuna gabas, na nuna yamma. Na buga ta a jikin ƙyaure. Na murɗe ta kamar mai matse wanki. Na miƙa wa tsohon mai carbi bakinta, ya zura hannu har wuya ya lalube, ya ce, "Wallahi ko ƙura babu." Yatsuna uku suka shiga inda aka yi domin su. Na saki hular ta faɗi ƙasa, na buɗe tafukana duka biyu, sannan na kai hannu bayan kunnen jaririn Adda na ciro ƙwan zabo mai ɗigo-ɗigo.

Sai wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa daga kan katanga.

Shekara bakwai ina tunanin yadda wannan lokaci zai kasance. Bai kai minti ɗaya a hannuna ba. Nasiruddeen ya tako, ya ɗauki hular daga ƙasa ya kaɗe, ya juya ga jama'a da hannu a buɗe.

"Kun gani? Shiri na munka yi. Ɗalibata ta hwarko ke nan. In ɗaliba ta yi haka, ku auna malamin."

Tafi ya tashi. Maza suka yi ta dukan kafaɗarsa, tsohon mai carbi na cewa yaron nan ya fi Yari wayo. Ya ninke hular ya sa a aljihu. Da zai wuce ni, murmushin na nan a fuskarsa, ya ce ta gefen baki, "Za mu yi magana."

Kafin mu iso Sabon Birni bidiyon ya hau. A ƙarƙashinsa ya rubuta, "Ni da ɗalibata." Ina bayan motar haya ina karanta abin da mutane ke cewa. "Malam ka iya koyarwa." "Allah ya bar ku tare." Wata ta tambayi inda na sayi gyale.

Bayan la'asar Baba ya ce a kira mu zaure, mu biyu. Karo na farko da aka saki asabari ina ciki. Inna ta tsaya a ƙofar cikin gida da ludayi a hannu, wai wucewa take.

Baba bai nemi ganin hular ba.

"Da hannun wa kika auna?"

"Da nawa, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya gyara zama a buzunsa, ya zare zoben azurfar da ke ɗan yatsansa. Hannun dama na rawa sosai, har zoben na ƙyalli yana ɓacewa. Ya sake gyara zama, ya jefa shi hagu, ya maido dama, ya haɗa tafukan, ya raba su a dunƙule ya ɗora a gwiwoyinsa.

"Nasiru. Idon da yak kama ni sau guda ba ya rasa na biyu. Ina zobe?"

Nasiruddeen ya dubi hannuwan. Sannan ya dubo ni. Ba kallon fushi ba ne, da shi ne da ya fi min sauƙi. Kallon nan ne na ranar da ya fara tambayata me nake karantawa. Ƙifta ido ɗaya ya ishe shi, na sani, ya sani.

Na sunkuyar da kai ina duba lallena.

"Dama," ya ce.

Baba ya buɗe. Babu.

"To hagu."

Babu.

"Sadiƙa."

Na ɗago kai na ce, "Bai kai hagu ba tun hwarko. Sanda kag gyara zama kas sake shi cikin naɗin hannun riga. Rawar hannun ma ƙara ta kay yi da gangan, don mu tsaya kallon dama."

Ludayin Inna ya daina motsi. Baba ya ɗaga hannu ya girgiza, zoben ya faɗo kan buzu.

Ya yi magana idonsa na kan zoben.

"Wata huɗu ina koya ma mutum, ina mamakin yadda idon da yak kama ni yam makance dare ɗaya. Na ce ko tsuhwa na yas sa ban iya koyarwa." Ya ɗago. "Ke kih hwaɗa mai."

"Ni ta."

"Ta waya?"

"Ta waya."

"Sirrin da kakana yab bar Alkalawa da shi cikin baki." Bai ɗaga murya ba. "Kin hidda shi don namiji shi yaba ki. Kin kuma kunyata mutum cikin hwage don zuciyarki ta yi sanyi. Ɗan dabo ba ya ko ɗaya cikin biyun ga. Da cikin bakwai ɗin can wani yay yi haka, da na raka shi bakin gari da sanda."

Babu ƙarya a ciki.

"Kai kuma, Nasiru, ka ci zakarana."

"Baba, ni..."

"Ka ci, ya wuce." Ya miƙa hannu ya ɗauki zoben, sai da ya yi sau biyu kafin ya shiga yatsa. Wannan karon ba da gangan ba ne. "Doka ta ce wanda yak kama hannu a buɗe mai. Ba ta ce namiji ba. Ni niƙ ƙara wannan, don ban taɓa zaton za a tambaye ni ba. Sauko da burgamin can, Sadiƙa."

"Malam," in ji Inna daga ƙofa, "Juma'a fa? Mutane za su zo."

"Su zo. Ban hana kowa zuwa ba."

Na tashi na sauko da shi daga ƙusa. Ya fi yadda nake zato nauyi, yana warin fata da tsohon turare. Sanda na juyo, Nasiruddeen ya miƙe. Ya durƙusa ya yi wa Baba sallama yadda ya saba, ya gaida Inna, ya sa takalmansa a nutse. Ni bai dube ni ba. Ya tura babur ɗin har ƙarshen lungu kafin ya tayar, kamar mai gudun tashin marar lafiya.

Na zaci in na rungumi jakar nan kishin zai tafi. Ya tafi kuwa, sai dai ya bar wurinsa a buɗe, iska na shiga.

Baba ya ce in ajiye ta a ɗakina, in bar shi ya yi sallar magariba, gobe da hantsi za mu fara da wasan igiya. Rabon da in ji muryarsa da sauƙi haka tun kafin hannun ya fara rawa. Har tsokanar Inna ya yi, wai ta shekara talatin tana ɗinka aljihu ba ta taɓa leƙawa ba. Ta ce ita tana da aikin yi.

Washegari ina shanya wanki wayata ta yi ƙara a kan turmi. Hoto ne daga Nasiruddeen. Hular da na ɗinka, an juya cikinta waje a kan kujerar babur, an farke jan zaren, babban yatsansa a kan bakin aljihun. Komai ya fito sarai, ko yaro ya gani ya gane.

Saƙo ya biyo baya.

"Sau biyu kin kunyata ni rana guda, gaban Kurawa da gaban babanki. Ban ce ban yi laihi ba. Amma wata huɗu ina barin kasuwa ina zama gabanai, ba wasa ni kai ba."

Yana rubutu, ya tsaya, ya ci gaba.

"Ki ce mai kin hwasa, ke ɗumki ya ishe ki. In kin yi haka, Juma'a tana nan, hoton ga kuma ni da ke kaɗai munka gan shi. In ba haka ba, mutum dubu sha ɗaya na jiran sabon bidiyo."

Na karanta sau uku. Na duba hotonsa na kan shafi, har yanzu hannuna ne da lalle, wanda ya ɗauka ranar Sallah. Na fara rubuta sunansa, na goge.

Daga zaure na ji an saki asabari.

"Sadiƙa," in ji Baba, "kwanto igiyar shanyar nan ki taho da ita. Ki zo da wuƙa mai kaihi."

Na sauke rigunan da na shanya ɗaya bayan ɗaya, jiƙaƙƙu, na mayar da su cikin bokiti. Na kwance igiyar na naɗe ta a hannu. Wayar ta sake ƙara a kan turmi.

Na kife ta, na ɗauki wuƙa.